Rodin kankare ya sa min ciwon ƙugu

 Ni matashi ne daga Kudan, shekarata 19. Da muka gama saran rake bana, ni da abokaina muka samo wani tsohon rodi, muka cika gwangwanayen fenti biyu da kankare, muka kafa masa ɗaya a kowane baki. Kullum bayan la'asar muna ɗagawa a bayan gida, ana gasa. Ƙirjina ya fara buɗewa, amma ƙuguna na dama yana ciwo, har ruku'u sai na cije. Baba ya ce ɗaga ƙarfe na kawo ƙaba, kuma aikin 'yan daba ne. In daina?

Ɗan'uwanku, Kudan.

To, ƙanena. Ajiye rodin tukuna har ciwon ya tafi. Sannan ka ɗaura igiya a daidai tsakiyar rodin, ka rataye shi a reshe. In gefe ɗaya ya rinjaya, ga mai laifi nan. Kankaren da aka zuba da ido da wuya ya zo daidai, kuma ƙugu ne ke biyan bambancin. Sandar da ake gasa da ita a duniya kilo 20 ce ta maza, 15 ta mata, kuma faifan da ake sa mata a dama daidai yake da na hagu. Kai naka ko nauyinsa ba ka sani ba. Kai shi wurin masu sikelin hatsi a Hunkuyi ko Makarfi.

Gasar nan kuma ba na sonta. Mai son burge abokai shi ke tanƙwara baya ya fizgi ƙarfe daga ƙasa. Lanƙwasa gwiwa, miƙe baya, rodi ya bi jikin ƙwauri. Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau goma ba ka karkace ba. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Wake, awara, ƙwai da nono sun wadatar. Ƙwayoyin kumbura jiki kada ka kusance su.

Baba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: yunƙurin da ya wuce ƙarfi kan fito da ƙaba ga mai rauni a bangon ciki. In ka ga kumburi a matsematsi, ko ciwon ya sauka ƙafa da mutuwar jiki, nufi asibiti, ko da na koyarwa ne a Shika. Zancen daba kuwa, ku daina ɓuya a bayan gida. Ku dawo da rodin inda Baba zai riƙa ganin su wa kake tare da su.