Darasin Lafiya: A Gwada Kafin A Sha Magani

A damunar bara, wajen taron ƙungiyar mata a Nariya, wata uwa ta ba mu labarin maigidanta. Wata uku yana tari da zazzaɓi, yana gumi da dare, yana ta ramewa. Sau huɗu ana sayo masa maganin maleriya a kemis, har aka sayar da akuya biyu. Da aka kai shi asibiti aka gwada kakinsa, ashe tarin fuka ne. Duk tsawon lokacin nan ɗaki ɗaya yake kwana da yara uku. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Haka magani yake.

Zazzaɓin cizon sauro

A shekarar 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya fara ganin ƙwayar maleriya cikin jinin mutum da madubin likita, a ƙasar Aljeriya. Har yanzu ana wannan gwaji a asibitoci. Akwai kuma gwajin gaggawa: a ɗiga jinin yatsa a kan ɗan faranti, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya, a nemi wani dalilin.

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Shi ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. Mu tuna da kulorokwin. Ƙwayar cutar ta saba da shi har ya daina aiki, Nijeriya ta canza zuwa magungunan ACT a 2005. Shan magani barkatai yana iya kai waɗannan ma ga haka.

Tarin fuka

Robert Koch na Jamus ne ya gano ƙwayarsa a 1882. Ta iska take yaɗuwa idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa. Ba sammu ba ne, ba gado ba ne, kuma ana warkewa.

A da, da madubi kaɗai ake duba kaki a yawancin asibitoci, ƙwayar kuma takan ɓuya. A 2010 aka amince da na'urar GeneXpert. Cikin kamar awa biyu takan nuna ko akwai cutar, da kuma ko ta bijire wa Rifampicin, babban maganinta. Ana irin wannan gwaji a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Zana, akwai kuma babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Saye, Zariya. Ba lallai sai ka je can ba. Fara daga Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa, za su karɓi kaki ko su nuna maka inda za ka kai. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Wata shida ake sha: wata biyu magani iri huɗu, wata huɗu iri biyu. Bayan 'yan makonni mutum zai ji ƙarfi ya koma gona, a nan ne da yawa suke dainawa. Ƙwayoyin da suka rage kuwa su ne masu taurin kai. A da, maganin irin wannan tari yakan kai wata 18 zuwa 24. Bincike ya kawo sabon haɗi na wata shida, wanda aka amince da shi a 2022. Duk da haka gara a gama na farkon.

Abin yi

1. Tarin da ya kai mako biyu, a kai kaki asibiti.
2. Zazzaɓi, musamman na yaro ko mai ciki, a gwada jini a ranar.
3. In an sami tarin fuka a gida, a duba kowa, a riƙa buɗe taga.

Don tattaunawa

Me yake hana mutanen unguwarku zuwa gwaji: kuɗin mota, kunya, ko tsoro? Wane ne a ƙungiyarku zai ɗauki nauyin tuna wa mara lafiya maganinsa kullum har wata shida?