Kafin A Shiga Da Kai Ɗakin Tiyata

Ɗana, mahaifiyarka ta ce tun da aka sa maka ranar aiki ba ka barci. Kwantar da hankalinka. Ni ma an yi mini a Asibitin Ƙashi na Dala, ga shi da ƙafata nake zuwa masallaci.

Ciwonka irin nawa ne. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, can wajen ƙugu inda likitoci ke kira L4 da L5, shi ya bulluƙo ya danne jijiya, zogin yake sauka har tafin ƙafa. Yawancin mutane kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba a taɓa su da wuƙa ba. Kai naka ya ƙi, har ka fara jan ƙafa, dole a yi.

Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har jiƙe-jiƙen da gwaggonka ke aiko maka. Asfirin yana tsinka jini, sai ya sani. Sigarin nan kuma da kake zaton ban sani ba, ajiye shi, yana hana rauni haɗewa.

Gida za ka gyara tun yanzu. Masan tsugunno ba naka ba ne, a samo kujera mai rami a ɗora. Katifa ta hau gado, buta ta hau benci.

Washegarin aiki za a tashe ka ka taka, kada ka ce mugunta ce. Tafiya ke hana jini daskarewa a ƙafa. In za ka tashi, ka mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungume, ka sauke ƙafafu, sannan ka dogara da hannu. Wajen mako 6 ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba hawa babur, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ka ji. Salla ka yi ta a zaune, shari'a ta ba ka dama. Maganin zogi yana ɗaure ciki, sai ka riƙe gwanda da ruwa.

Ranar da ciwo ya lafa na fi jiye maka. A mako na uku bayan nawa aikin surukina ya zo dubiya, kunya ta sa na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Kwana goma na ƙara a kwance, shi kansa faɗa ya yi mini. Duk wanda ya zo, gaishe shi daga inda kake.

In zazzaɓi ya rufe ka, ko wurin ɗinkin yana ruwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, a kai ka asibiti ko da tsakar dare ne. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne.

Ranar aikin ka turo ƙanenka ya ɗauke ni bayan asuba, tare za mu tafi.