Suga ya sauka, jijiyoyin jini fa?

A ɗakin duba masu ciwon suga inda nake aiki, idan kuɗi suka gaza wa mutum a kantin magani, na san maganin da zai fara sokewa daga takardar likita. Maganin suga ba ya taɓuwa, don na'urar gwaji za ta tona asiri da safe. Na hawan jini ma ana lallaɓa shi saboda tsoron jiri da ciwon kai. Ƙwayar kolestarol ita ake bari a kan kanta. In na tambayi dalili, amsar ba ta wuce uku: "Likita, ai ni ba ni da ƙiba," ko "An gwada an ce kitsen jinina daidai yake," ko kuma "Na sha wata guda, na gama." Na fahimci inda kowace ta fito, amma babu wadda za ta kare mai ciwon suga daga abin da muke gudar masa.

Abin da muke gudu shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da yanke ƙafa. A duniya, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen ajalin masu ciwon suga, kuma haɗarin kamuwa da su ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da ciwon. Suga shi kaɗai bai cika yin wannan ɓarnar ba. Da abokin tafiya yake yi, wato kolestarol.

Kolestarol ba guba ba ne. Mafi yawansa jiki ne da kansa ke haɗa shi, musamman hanta, ko da mutum bai ci nama ba, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan matsarmama, da sinadaran maza da na mata. Shi ya sa siririn mutum ma kan iya samun nasa ya hau. Tunda maiƙo ba ya narkewa a jini, sai an naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙunsoshi kafin ya yi tafiya. Wanda takardar gwaji ke kira LDL shi ke ɗaukar kolestarol daga hanta zuwa sassan jiki, HDL kuma ya kwaso ragowar ya mayar. Akwai kuma wani kitsen da ake rubutawa TG.

Yanzu mu leƙa cikin jijiyar. A cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa siririya, kaurin ƙwayar halitta ɗaya tal. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin rufi kawai, har sai 1980, lokacin da wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa jijiyar zomo da aka goge wa wannan shimfiɗa tana kasa saki ta buɗe yadda ta saba. Daga baya aka gano shimfiɗar tana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid, kuma a kan wannan aiki ne shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 1998. Wannan iskar ce ke sa jijiya ta buɗe idan ka hau tudu zuciya ta nemi ƙarin jini. Ita ke hana jini daskarewa inda bai kamata ba, ita ke hana fararen ƙwayoyin jini mannewa a bango.

Suga mai yawa, da jikin da ya daina jin insulin yadda ya kamata, suna rage wannan iskar. Tun kafin wani abu ya toshe, jijiyar ta fara tauri, ta rage buɗewa, shimfiɗar ta soma yoyo. Ta wannan yoyon LDL ke kurɗawa ya shige cikin bangon jijiyar.

Nan ne amsar "an ce daidai yake" take rushewa. A ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a manya, abin da muka fi gani shi ne TG ya hau, HDL ya sauka, LDL kuwa adadinsa bai ɗaga sosai ba. Amma sifarsa ta canja. Ƙunsoshin sun zama ƙanana masu yawa, sun fi sauƙin ratsa bango, suga ya manne musu har hanta ba ta saurin gane su ta kwashe, don haka suna daɗewa suna yawo a jini. Gwajin da muke yi nauyin kolestarol ɗin da ke cikinsu yake aunawa, ba ya ƙirga su, ba ya duba lalacewarsu. Lambar da ba za ta dame ni ba a jikin matashi lafiyayye, ita ce ke tayar mini da hankali a jikin Baba mai shekara 55 da ya shekara goma da suga.

Idan LDL ya shiga bango ya maƙale, sai ya lalace, jiki ya ɗauke shi baƙo. Fararen ƙwayoyin jini su biyo shi su yi ta haɗiya har su kumbura su mutu a wurin. Shekara da shekaru ana haka, sai wurin ya zama kamar maruru a cikin bangon jijiya: ciki cike da maiƙo da matattun ƙwayoyi, sama da ɗan siririn murfi. Yana iya girma a hankali ya ƙuntata hanya. Abin da ya fi muni shi ne ranar da murfin ya fashe. Jini yana taɓa abin da ke ciki sai ya daskare, cikin mintoci gudan jini ya rufe hanyar ruf. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, a wayi gari baki ya karkace. Da yawa daga cikin waɗanda ke fashewa ba su ma kai ga toshe rabin hanya ba kafin ranar, shi ya sa dangi kan ce "jiya-jiyan nan lafiyarsa ƙalau."

Duk da haka jiki kan ba da sanarwa, sai dai ba a inda ake sauraro ba. Jijiyoyin mazakuta sun fi na zuciya ƙanƙanta, kuma aikinsu ya dogara sosai da waccan iskar, don haka raunin namiji kan riga ciwon zuciya bayyana da wasu shekaru. Maza ba sa faɗa sai na tambaya, kuma kafin su zo gare ni galibi sun zaga wurin masu maganin ƙarfin maza. Alhaji, wannan magana ce ta jijiyoyin jini, likitanka ya kamata ya fara ji. Haka wanda sha-raɓarsa ke ƙullewa kafin ya isa masallaci, ya tsaya ta saki, ya ci gaba ta dawo. Ba tsufa ba ne kawai, jini ne ba ya isa ƙafar. Irin wannan ƙafar, idan ƙaya ta soke ta, gyambon ba ya jin magani.

Maganin da ake bayarwa dangin sitatin ne, irin su atorvastatin da simvastatin da rosuvastatin. Suna rage haɗa kolestarol a hanta, su sa ta janye LDL daga jini, su kuma ƙarfafa murfin nan ya rage fashewa. An gwada su a kan masu ciwon suga musamman. A binciken CARDS na Birtaniya da Ailan, wanda aka fitar a 2004, an bi mutum 2,838 masu ciwon suga da ba su taɓa samun ciwon zuciya ba, kuma LDL ɗinsu bai yi yawa ba. Waɗanda suka sha atorvastatin miligiram 10 a kullum sun sami raguwar manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini da kashi 37 cikin ɗari, shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 48, har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Saboda irin wannan shaidar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ke ba da shawarar mai suga ɗan shekara 40 zuwa 75 ya sha sitatin ko da lambarsa ba ta hau ba. Ga mai ƙarin haɗari, kamar hawan jini ko shan taba, ana son LDL ya sauka ƙasa da 70, wato 1.8 a ɗaya ma'aunin da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Wanda ya riga ya sami bugun zuciya ko shanyewa, ƙasa da 55, wato 1.4.

Ba magani ne na wata guda ba. Ana dainawa, cikin 'yan makonni lambar ta koma gidan jiya. Wasu kan ji ciwon tsoka. Kada a ajiye a yi shiru, a dawo a faɗa, don sau da yawa canja iri ko rage ƙarfi na wadatarwa. In fitsari ya yi duhu tare da ciwon, a tsaya a zo a ranar. Mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa ta sanar da likita tun kafin ta fara. Mai shan maganin ƙanjamau ko clarithromycin ma ya faɗa, don suna karo da wasu daga cikinsu. Da azumi kuwa babu wahala, bayan buɗa-baki ake sha.

Kan abinci ba zan ja ba. Robar man da aka rubuta wa "babu kolestarol" ba ta yi ƙarya ba, amma wayo ne na talla, domin man tsirrai dama ba shi da shi. Abin dubawa shi ne daskararren kitse, wanda ke sa hanta ta bar LDL ya taru: man shanu, tozo, kitsen balangu, fatar kaza. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitsen ne, a sa shi da awo. Man gyaɗa ya fi sauƙi, muddin ba wanda aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ba. Wake da kuɓewa da ganye da kifi su yawaita. Lemon kwalba da fura mai cike da sukari su ke tura TG sama. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako tana taimaka wa shimfiɗar nan kai tsaye, sigari da shisha kuma suna ƙona ta.

A zuwanka na gaba, nemi a yi maka gwajin kitsen jini idan an shekara ba a yi ba, ka tambayi lambar LDL ɗinka da wadda ake so ka kai. Cire takalmi da safa a taɓa bugun jinin ƙafarka, ko likita bai nema ba. Iyalan gida kuma su san cewa suga kan kashe jijiyoyin jin zafi, har mai shi ya sami bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, tashin zuciya ko kasala ta farat ɗaya, in an gwada suga ba a same shi ƙasa ba, asibiti za a nufa nan take, kada a jira gari ya waye.