Ƙofar da Ba a Rufe Ba

Karatu: Karin Magana 24:11-12

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Nazi ta Jamus ta kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, yara da manya, don kawai su Yahudawa ne. An yi wannan ta'asa a ƙasashe cike da majami'u, masu bi da yawa kuwa suka ga ana kwashe maƙwabtansu, suka yi shiru.

A garin Haarlem na ƙasar Holan, wani tsoho mai gyaran agogo, Casper ten Boom, da 'ya'yansa mata Corrie da Betsie, sun ƙi yin shiru. Suka gina ƙaramar maɓoya a bayan bangon ɗakin Corrie, suna ɓoye Yahudawa. Ran 28 ga Fabrairu 1944 aka tona musu asiri, aka kama su, amma ba a gano mutum shida da ke cikin maɓoyar ba. Casper ya rasu bayan kwana goma, yana da shekara 84. Betsie ta rasu a sansanin Ravensbrück a watan Disamba na wannan shekara. Corrie ce ta fito da rai.

Yau a Urushalima akwai Yad Vashem, cibiyar tunawa da aka kafa a 1953. Tana tattara sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, tana kuma girmama waɗanda ba Yahudawa ba da suka sa ransu cikin haɗari don ceton su. A 1967 ta girmama Corrie. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 27 ga Janairu, ranar da aka 'yantar da sansanin Auschwitz a 1945, don tunawa.

Nassin yau ya umarce mu mu ceci waɗanda ake kai wa ga mutuwa, ya kuma gargaɗe mu cewa mai auna zukata ba zai karɓi uzurin rashin sani ba. Tun kafin kisan, an daɗe ana zagin Yahudawa, ana ƙaurace wa shagunansu, ana kora 'ya'yansu daga makaranta. A nan ne shirun ya fara.

Tambaya: Wane zagi ne ake yi wa wata kabila ko wani addini a gabanka, kana ji kana yin shiru?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin hali in buɗe ƙofata ga wanda ake tsananta wa. Cikin sunan Yesu, amin.