Yadda Malami Ke Raba Dogon Hutu Tsakanin Gida, Gona da Shirin Darasi

A yawancin jihohin arewacin Najeriya, zango na uku kan ƙare ne a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a koma aji cikin Satumba. Makonni shida ne ko bakwai, kuma tsakiyar damina suke faɗowa. A Nijar hutun ya fi haka tsawo, don sai Oktoba ake komawa. Maƙwabta kan ce malam ya ji daɗi, albashi na shiga yana kwance a gida. Wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba haka abin yake ba: gona na jira, dangi na jira, ga sabon aji da za a tarar a Satumba. Malaman da suka daɗe a aikin suna da hanyar da suke bi, kuma ba ta da wuyar koyo.

Aikin farko shi ne rufe shekarar da ta wuce. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Bayan an gama makin, an haɗa sakamako, an cike rijista an miƙa wa hedimasta, malami ya ɗauki takarda ɗaya tak ya rubuta abin da bai tafi daidai ba. Wane darasi ne yara suka kasa kamawa? Wanne ne lokaci ya ƙure ba a kai gare shi ba? Wace tambaya ce rabin aji suka faɗi a jarrabawa? Malamin lissafi na aji huɗu da ya lura cewa yaransa na iya rabawa amma suna tuntuɓe da zarar an sami saura, yau ya kamata ya rubuta, domin bayan wata guda abin ya bi ruwa. Wannan takarda ita ce jarin duk shirin da zai biyo baya. Ya saka ta cikin littafin shirin darasi, ya rufe, ya ɗora a kan kabad.

Daga nan sai hutu, na gaske. Mako guda cur ba littafi, ba jan biro. Muryar da ta shekara tana gogayya da yara saba'in ko ɗari a aji ɗaya tana buƙatar shiru, ƙafar da ta sha tsayuwa tana buƙatar miƙewa. A wannan makon ne ya dace a je asibiti a duba hawan jini da ido, abin da aka yi ta ɗagawa tun zangon farko. Saƙonnin zauren WhatsApp na makaranta kuwa, a duba sau ɗaya da yamma ya isa.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma rashinsa ne ke jawo ɓacin rai a gida. Malam ya zauna da iyali da kalanda a gabansu, a fitar da ranakun da ba su motsuwa. Akwai maimai da zuba takin masara, waɗanda ruwan sama ke yanke wa lokaci. Akwai auren ƙanwa, akwai kai yara ƙauye su ga kakanni, akwai gaisuwar da aka bari ana cewa sai an yi hutu. Wani malamin yana cikin masu duba takardun WAEC ko NECO, aikin da ke cin kwanaki a jere a wannan tsakani, kuma kuɗinsa ke sayen litattafan yara. Wani kuma ɗalibi ne da kansa: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana gudanar da karatun dogon hutu domin malamai, haka nan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyar da malamai suna bakin aiki. Idan aka jera waɗannan duka, sai a ga ainihin abin da ya rage. Sau da yawa bai wuce mako uku ba.

A zaman nan ne kuma ya kamata a faɗi gaskiya game da malama. A gare ta hutun makaranta ƙarin aiki ne, domin yara na gida daga safe har dare, ga baƙi, ga girki, ga wankin da marka ke hana bushewa. In maigida bai ce “Maman Abba, Talata da Alhamis da safe naki ne, zan fita da yara” ba, to shirinta zai koma ƙarfe goma sha ɗayan dare da fitilar waya. Wannan ba adalci ba ne, kuma yaran ajinta ne za su biya.

Sai a yanka wa shiri lokacinsa. Masu ƙwarewa kan zaɓi bayan sallar asuba zuwa hantsi, kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi ko biyu. Gari ya yi sanyi, gida bai tashi ba, mai gona ma zai iya fita bayan ya gama. Amfanin ƙayyade lokacin ya fi yawa ga sauran yinin: wanda ya san ya yi nasa da safe zai zauna a tabarma da 'ya'yansa ba tare da zuciyarsa na kan kabad ba.

To, me ake yi a waɗannan awoyi? A fara da ƙirga. A takarda, zangon farko kan kai mako goma sha uku. A cire makon dawowa, wanda shara da rijistar sababbin ɗalibai ke cinyewa. A cire hutun tsakiyar zango inda ake yinsa, da makon bita, da na jarrabawa, da ranar 1 ga Oktoba. Abin da ya rage na koyarwa tsantsa mako tara ne ko goma. Dole kuma a duba kalandar ma'aikatar ilimi ta jiha, don kowace jiha da tata. A 2025, alal misali, Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan azumi, abin da ya sauya lissafin zangunansu. Ranakun Musulunci ma suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka kalandar bara ba ta yi wa bana aiki.

A kan waɗannan makonni tara ko goma ake shimfiɗa manhajar da hukumar NERDC ta tsara. Nan ne takardar nan ta kan kabad ke saukowa. Darasin da ya ba yara wuya bara a ba shi mako biyu, mai sauƙi a haɗa shi da maƙwabcinsa. Wanda zai karɓi sabon aji ya nemi malamin da ya riƙe su bara, ko a masallaci ko a waya, ya tambaye shi abu biyu: ina aka tsaya, kuma su wa ba su iya karatu ba tukuna? Hirar minti goma kan hana asarar makonni.

Bayan jadawalin zango, sai cikakken shirin darasi na mako biyu ko uku na farko kawai. Sabon malami mai zumuɗi kan so ya rubuta na zango gaba ɗaya, kuma kuskure ne. Ana iya canja masa aji ranar dawowa, ko a mayar da shi wata makaranta. Manhajar kanta tana iya sauyawa: a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwa ana dab da komawa aji, wadda ta rage yawan darussa ta kuma wajabta Tarihi daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Uwa uba, ba ya sanin saurin yaran da bai riga ya tsaya gabansu ba.

Haɗa kayan koyarwa shi ne wurin da aiki da iyali ke zama abu ɗaya. A tsakar gida bayan la'asar, yara su tattaro murafen lemon kwalba, a wanke a shanya. A kakkarya tsinken tsintsiya daidai-wa-daida, a ɗaure goma-goma da zare, domin nuna wa 'yan aji biyu bambancin 13 da 31: ɗauri ɗaya da tsinke uku, ko ɗauri uku da tsinke ɗaya. A yanka kwalin taliya, babbar yarinya ta rubuta baƙaƙe da wasula da maka, ƙaramin yana miƙo almakashi yana gardamar cewa ƙugiyar ɗ ɗin ta karkace. Malam na kallo yana gwada darasinsa a kansu. Inda suka yi shiru suna zare ido, a nan 'yan ajinsa ma za su tsaya. A zuba komai cikin bokiti mai murfi saboda danshi da gara.

Akwai malaman da wannan tsari ke wa wuya, musamman na makarantu masu zaman kansu inda wasu ba sa biyan albashin Agusta, sai malami ya kama lesin na hutu ko wata sana'a. Ko a nan, gara ya iyakance lesin ɗin zuwa azahar, ya bar wa kansa mako guda a farko ko a ƙarshe, ya kuma yi amfani da lesin wajen gwada darussan Satumba.

Makon ƙarshe na komawa hayyaci ne. A dawo da kwanciya da wuri, ta malam da ta yara. A duba babur, a karɓo ɗinkin yunifom tun kafin teloli su cika. Sannan ya leƙa makaranta da ƙafarsa, domin damina ba ta barin gini yadda ta same shi: kwano ya yaye, allo ya jiƙe ya kumbura, ciyawa ta kai gwiwa a filin taro. Wani lokaci ɓarnar ta fi haka. A 2024 ambaliya ta sa Nijar ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Wanda ya gani da wuri zai sanar da hedimasta da kwamitin iyaye, a gyara abin da zai gyaru, ya karɓi jadawalinsa, ya tabbatar da ajin da aka ba shi, ya sayi alli da jan biro a hanyarsa ta komawa gida.