Amsar Tambaya: Idon da Ba Ya Rarrabe Ja da Kore

Malam, wasiƙarka ta iso, kuma lalurar da ka ambata, ta kasa rarrabe ja da kore, haƙiƙa ba baƙuwa ba ce ga masana, domin tun a 1794 John Dalton na Ingila ya bayyana ta game da idonsa; galibi gado ce ta wajen uwa, maza kuma ta fi kamawa. Idan rubutu ya zo maka ja bisa kore a waya, shiga saitinta, sashen masu raunin gani, ka kunna gyaran launi, ka ƙara girman haruffa har su fito ɓaro-ɓaro, ka rage haske da dare. Amma in raunin sabo ne, ko yana ƙaruwa, don Allah garzaya wurin likitan ido, kada ka jinkirta.