Makomar Kalmomin Kayan Doki da na Kaɗi a Hausar Romi

1.0 Gabatarwa

Romi unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, inda Hausa take harshen kasuwa da hulɗa tsakanin ƙabilu mabambanta. A irin wannan muhalli, inda hawan doki da kaɗi ba sa cikin rayuwar yau da kullum, ake gane kalmar da ke iya rayuwa bayan sana'arta ta ja baya. Wannan maƙala ta kwatanta rukunin kalmomi biyu domin nuna abin da ke ceton wasu ya bar wasu.

2.0 Kayan Doki

Da dama daga cikin waɗannan kalmomi aro ne daga Larabci, kamar sirdi da linzami da likkafa da lifidi. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410). Wasunsu sun rayu ta hanyar faɗaɗar ma'ana. Wanda bai taɓa hawa doki ba yakan ce "ya riƙe ragamar mulki", ko "likkafarsa ta ci gaba", ko "a ƙara ƙaimi". Amma majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, da kwacciya da zubuka ba su sami irin wannan mafaka ba, sun tsaya a bakin barga da masu hawan salla.

3.0 Kaɗi da Saƙa

Sarrafa auduga aikin mata ne mai matakai. Akan gurje ta da magurji a fitar da gurya, a shiɓe ta da masaɓi ta zama sutu, sannan a kaɗe ta da mazari mai gululu, ana shafa alli a yatsu. Daga nan masaƙi ya yi wadari, ya jefa ƙoshiya. Buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957 ya sauya ma'anar "masaƙa" a wannan yanki, ta koma nufin kamfani. Kamfanin ya rufe a 2002, kalmar kuma ta ci gaba da ɗaukar sabuwar ma'anarta. Mazari ya tsira a cikin "jikinsa na rawa kamar mazari", amma sutu da gululu da masaɓi ba su da karin maganar yau da kullum da zai goya su.

4.0 Kammalawa

Kalma takan rayu idan ta sami sabon aiki. Kalmomin doki sun fi sa'a saboda alaƙarsu da sarauta, wadda harshen siyasa da jarida ya gada, alhali na kaɗi sun kasance a tsakar gida. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, sai dai ƙamus ba ya nuna yadda hannu ke murza mazari. Don haka ya kamata manazarta su gaggauta naɗar bayanan tsofaffin mata makaɗiya, murya da hoto, tun suna raye.